Maciji ko Macijiya?

1. A lambun dabino

Ingal gari ne na jihar Agadas. Yana yamma da birnin Agadas, tafiyar fiye da kilomita 100. Mutanen garin na asali su ne Isawagan, harshensu kuwa Tasawak. An san su da gishirin Tegidda-n-Tesemt da kuma lambunan dabino da ke bin bakin ƙorama.

Mai lambun dabino ya san wata wahala da ba kowa ya sani ba. Iccen dabino iri biyu ne: akwai namiji, akwai mace. Macen ce ke yin ƴaƴa. Namijin fure kaɗai yake yi, sai a yanko furen a kai ma macen, a yi mata barbara. Idan mutum ya shuka ƙwallon dabino, ba ya iya sanin abin da ya shuka. Ganyen ɗaya ne, ƙayar ma ɗaya ce. Zai yi ta ban ruwa shekara 4, ko 5, ko fiye. Sai ranar da fure ya fito sannan ya san ko namiji ne ko mace. Shi ya sa masu lambu suka fi son su cire ɗan da ya tsiro a gindin uwa su dasa, domin ɗan gindin mace, mace ne.

Makiyayi ba shi da wannan wahala. A ƙarshen damana, wajen watan Satumba, Abzinawa da Fulani na taruwa a filayen Ingal domin dabbobinsu su ci ciyawa su sha ruwa mai gishiri. Wannan taro shi ne ake kira Kur Sale da Faransanci. A wurin, ko ƙaramin yaro yana bambanta amale da taguwa, sa da saniya, bunsuru da akuya, rago da tunkiya, tun daga nesa.

To, maciji fa? Maciji dabba ne, amma a nan halinshi ya fi kama da na dabino. Mutum na iya ajiye maciji shekara da shekaru, yana ba shi abinci, bai san ko namiji ne ko mace ba.

2. Suna ba shaida ba ne

Bahaushe na cewa maciji, yana kuma cewa macijiya. Amma sau da yawa bakin mai magana ne ke zaɓe, ba jikin dabbar ba. A labarin Bayajida, akwai dabbar da ta hana mutanen Daura ɗibar ruwa a rijiyar Kusugu. Wasu masu ba da labarin su ce maciji ne, wasu su ce macijiya ce. Sunanta kuwa Sarki.

Haka yake ga sunayen macizai. Ana cewa "kasa ce", "mesa ce", "kububuwa ce". Amma ana cewa "kumurci ne". Ɗan makarantar da ke karatu da harshe biyu zai lura da wani abu. Mesa mace ce a Hausa, amma a Faransanci le python ake cewa, watau namiji. Dabbar ɗaya ce, harsuna biyu sun saɓa.

Wannan aikin nahawu ne kawai. Cikin kowane irin waɗannan macizai akwai maza, akwai mata. Akwai namijin kasa, akwai macen kumurci.

3. Macizan ƙasar Ingal

A shekarar 2015, masana biyu, Jean-François Trape da Youssouph Mané, sun fitar da jerin macizan Nijar. Sun lissafa iri 51. Ga huɗu daga ciki waɗanda za a sake ambata a wannan darasi.

Maciji mai ƙaho yana zaune cikin rairayi. Yana binne jikinshi, ya bar ido kaɗai a waje, yana jiran ɓera ko ƙadangare. Tafiyarshi a kaikaice take, shi ya sa sawunshi ya bambanta da na sauran. Yana da dafi.

Kububuwa ƙarama ce, amma tana cikin macizan da suka fi kashe mutane a Afirka ta Yamma. Idan ta ji tsoro, sai ta naɗe tana goga jikinta, ana jin ƙara kamar an zuba ruwa cikin mai mai zafi.

Kasa gajeruwa ce mai kauri. Ta fi yawa a wajen kudu, inda ciyawa ke da yawa. Ba ta saka ƙwai, haihuwa take yi, kuma takan haifi ƴaƴa da yawa a lokaci ɗaya.

Mesar rairayi ƴar ƙarama ce, ba ta kai mita 1 ba. Ba ta da dafi, matse abincinta take yi. Masana na kiranta Eryx muelleri. Yawancin danginta haihuwa suke yi, ita kuwa ƙwai take sakawa.

4. Inda maciji ya ɓoye asirinshi

Idan aka kifa mataccen maciji, za a ga cikinshi an shimfiɗa mishi ɓawo masu faɗi, ɗaya bayan ɗaya, kamar matakala. Can kusa da ƙarshe akwai wata ƴar tsaga. Ita ce mafita. Daga kai zuwa mafita, jiki ne. Daga mafita zuwa ƙarshe, jela ce.

Maciji mafita ɗaya gare shi, kamar kaza. Ta nan yake kashi, ta nan yake barbara, ta nan macijiya ke saka ƙwai ko ta haihu. Mafitar namiji da ta mace iri ɗaya suke a ido.

Marainan rago a waje suke, kowa na gani. Na maciji suna can cikin ciki, kusa da ƙoda, na dama ya ɗan fi na hagu matsawa gaba. Al'aurarshi kuwa guda biyu ce, ɗaya a dama, ɗaya a hagu. Suna kwance cikin gindin jela, a juye ciki, kamar aljihun riga. Lokacin barbara sai ɗaya ta juyo waje, kamar yadda ake zaro aljihu. Idan an gama, wata tsoka ta jawo ta, ta koma. Ba ya aiki da biyun a lokaci ɗaya.

Macijiya tana da gidan ƙwai a cikin ciki. A gindin jelarta akwai ƴan jakunkuna biyu masu fitar da wani ruwa mai wari. Namiji ma yana da irinsu, amma na mace sukan fi girma.

Ke nan duk abin da ya raba maciji da macijiya a rufe yake da fata. Jikin da ke jan ciki kan tsakuwa da ƙaya da rairayi mai zafi ba ya barin komi a waje.

5. Alamomin da ake dubawa

Tun da ba a ganin abin da kanshi, sai a nemi alama.

Ta farko ita ce jela. Jelar namiji takan fi tsawo, kuma gindinta na da kauri, saboda abin da ke ajiye ciki. Jelar mace takan sirance nan da nan bayan mafita. Amma sai an jera biyu masu iri ɗaya da girma ɗaya sannan bambancin ke fitowa sosai.

Ta biyu ita ce ƙidayar ɓawon ƙarƙashin jela. Tun da jelar namiji ta fi tsawo, ɓawonta ya fi yawa. A wajen kasa, ana samun ɓawo daga 14 zuwa 38, kuma na mace ba ya wuce 24. Kasar da aka ƙirga mata 32, namiji ce. Kowane irin maciji da nashi lissafi, ba a ɗaukar na kasa a auna kumurci.

Ta uku ita ce ƙumba. Mesa da danginta suna da ƴan ƙumba biyu, ɗaya a kowane gefen mafita. Ragowar ƙafafun baya ne da kakannin macizai suke da su a zamanin da. Ƙumbar namiji takan fi girma, yana sosa mace da ita lokacin barbara. Amma ƙumba na karyewa, tana kuma cinyewa. Tsohon namiji na iya zama da ƙumba ƙarama.

Ta huɗu ita ce girma. A wajen mesar rairayi da maciji mai ƙaho, mace ce ta fi girma. A wajen kasa kuwa, namiji ne yakan fi tsawo. Ban da haka, maciji na ƙara girma muddin ranshi, saboda haka tsohon namiji na iya fin budurwar macijiya.

Ƙaho kuma fa? Wanda ya saba da garke zai yi zaton mai ƙaho shi ne namiji. Ba haka ba ne. A wajen maciji mai ƙaho, ana samun mace da ƙaho, ana samun namiji ba ƙaho. Uwa ɗaya na iya saka ƙwai, wasu ƴaƴan su fito da ƙaho, wasu babu.

Kowace alama tana taimako, amma ba wadda ta isa ita kaɗai. Kama da wane ba ta wane.

6. Masu kiwon maciji

A kasuwannin ƙasar Hausa, kamar Kano da Katsina da Maradi da Damagaram, an san gardawa masu wasa da macizai. A Turai da Amurka da Japan kuwa, akwai mutanen da ke ajiye maciji a gida cikin akwatin gilashi, kamar yadda wani ke kiwon tantabara ko kyanwa. Wadda suka fi so ita ce wata ƙaramar mesa marar faɗa, mai dunƙulewa kamar ƙwallo idan ta tsorata. Asalinta Afirka ta Yamma da ta Tsakiya. Ana fitar da dubbanta kowace shekara daga Togo da Benin da Gana. Takan yi shekara 20 zuwa 30 a hannun mai kiwo. Mesar rairayi ma ana kiwonta haka.

Su waɗannan masu kiwo dole su san namiji da mace. Wanda ke neman ƴaƴa, idan ya haɗa mata biyu, zai yi ta jira a banza. Idan ya haɗa maza biyu, sai faɗa. Kuɗin mace yakan fi na namiji. Kuma ƙwai na iya maƙale ma macijiya a ciki. Idan mai ita ya ɗauka namiji ne, ba zai gane ciwon ba sai lokaci ya ƙure.

Saboda haka likitan dabbobi yana da wata dabara. Yana ɗaukar siririn tsinken ƙarfe mai santsi, marar tsini, ya shafa mishi mai. Sai ya zura shi a hankali ta gefen mafita, ya nufi wajen ƙarshen jela. Idan namiji ne, tsinken zai shiga aljihun nan ya yi nisa, tsawon ɓawo 8 ko fiye a yawancin macizai. Idan mace ce, zai tsaya kusa, wajen ɓawo 2 zuwa 4.

Ko wannan dabara ma tana kuskure. Namiji na iya ɗaure tsokarshi, tsinke ya kasa wucewa, a ce mace ne. Hannu marar gwaninta na iya huda jakar warin mace, tsinke ya zarce, a ce namiji ce, ga kuma rauni an ji mata. Shi ya sa a yau ake ƙarawa da na'urar hoton ciki. Wasu ɗakunan bincike kuma suna auna jini, ko ɗan guntun saɓa, su faɗi jinsin macijin ba tare da an wahalar da shi ba.

7. Yadda macizai ke gane juna

Maciji ba ya bukatar tsinke. Da ƙamshi yake aiki. Harshen nan mai baki biyu da yake ta fitarwa, ba sara yake yi da shi ba. Yana ɗebo ƙamshi ne daga iska da ƙasa, ya kai ma wata gaɓa da ke a dasashin sama na bakinshi. Lokacin barbara, fatar macijiya na barin wani ƙamshi duk inda ta bi. Namiji sai ya bi sawun har ya iske ta.

A wurare da yawa ana cewa idan an kashe macijiya, mijinta zai zo ramuwa. Maciji ba ya aure, ba ya kuma riƙon gaba. Amma gaskiya ne ana iya kashe ɗaya yau, gobe a ga wani a wurin. Ko dai ƙamshin macen ya biyo, ko kuwa wurin ne ke da ɓeraye da inuwa, abin da ya kawo na farko shi ya kawo na biyu. Saboda haka inda aka ga ɗaya, a yi hattara.

Wani lokaci kuma akan iske kasa biyu sun sarƙe, kowace na ɗaga kai tana neman danne ɗayar. Mai kallo sai ya ce miji da mata ne. Sau da yawa maza biyu ne ke kokawa saboda mace. Ba su cika saran juna ba. Wanda aka danne ya gaji, sai ya ja jiki ya bar fage.

Su kansu macizai ana ruɗa su. A ƙasar Kanada, a wani wuri mai suna Narsis cikin lardin Manitoba, dubban ƙananan macizai marasa haɗari na kwana cikin ramukan dutse duk tsawon lokacin sanyi. Idan ɗumi ya fara, sai su fito, maza da yawa su naɗe mace ɗaya. A 1985, masana biyu, Robert Mason da David Crews, sun nuna cewa wasu mazan na fitar da ƙamshi irin na mata, sai sauran mazan su yi ta binsu. Daga baya aka gane amfanin abin. Namijin da ya fito daga rami jikinshi a sanyaye, ba ya iya gudu. Idan ƴan'uwanshi suka lulluɓe shi, sai ya yi ɗumi da sauri, kuma hankaka ba ya samun cafke shi.

8. Mata-maza

Akwai wahalar da ta fi duk waɗannan. Wani lokaci jikin dabbar ne da kanshi ya haɗa alamun biyu. Bahaushe na ce ma wannan mata-maza.

Makiyaya sun san shi. Idan saniya ta haifi tagwaye, namiji da mace, macen takan tashi juya. Cikin 10, wajen 9 ba su haihuwa. A waje kamar karsana take, amma kayan haihuwarta na ciki ba su cika ba. A 1916 wani masani ɗan Amurka, Frank Lillie, ya bayyana dalili. Tun a cikin uwa, hanyoyin jinin tagwayen ke haɗewa. Sai wasu sinadarai na jikin namijin su shiga jikin macen, su canja ginin kayan haihuwarta. Ana samun mata-maza cikin awaki ma, da tumaki, da kaji.

Cikin macizai, misalin da ya fi shahara yana ƙasar Brazil, a Amurka ta Kudu. A can akwai wani ƙaramin tsibiri mai suna Kemada Garande. Faɗinshi hekta 43, yana nesa da gaɓar teku da wajen kilomita 33. A kanshi akwai wani maciji mai dafi, mai launin zinariya, wanda ba a samu ko'ina a duniya sai nan. Sunanshi a wajen masana Bothrops insularis. Tsuntsaye yake ci. Kimanin shekara 11.000 da suka wuce, ruwan teku ya ƙaru ya raba tsibirin da babbar ƙasa. Tun daga lokacin macizan ke zaune su kaɗai. An kiyasta yawansu tsakanin 2.000 da 4.000, kuma hukuma ta hana kowa sauka tsibirin sai da izini.

A 1959, Alphonse Hoge da abokan aikinshi na cibiyar Butantan, inda ake haɗa maganin dafin maciji a birnin Sawo Pawulo, sun ba da labarin abin da suka gani. Da yawa daga macizan tsibirin suna da gidan ƙwai a ciki kamar kowace mace, amma a gindin jela suna da al'aura irin ta namiji. Wanda ya duba jela kaɗai zai ce maza ne. Wanda ya duba ciki zai ce mata ne. Masana na zaton barbara tsakanin dangi na kusa, a wuri ƙarami, tana cikin dalilan haka.

Labarin bai ƙare a nan ba. Masana sun daɗe suna nazarin jikin namijin maciji, ba su kula da na mace sosai ba. A 2022, wata ɗalibar jami'ar Adeled ta ƙasar Ostareliya, Megan Folwell, tare da abokan aikinta, sun duba matan macizai iri 9, har da kasa. A gindin jelar kowace sun samu wata ƴar gaɓa mai reshe biyu, irin wadda matan sauran dabbobi ke da ita. Girmanta daga ƙasa da milimita 1 zuwa milimita 7. Wannan gaɓa ba alamar mata-maza ba ce, halittar kowace macijiya ce. Sun kuma nuna cewa a wasu tsofaffin littattafai an rikita ta da jakar wari, ko da al'aurar mata-maza. Manyan masana ma na kuskure. Abin da ya sa ilminsu ke ci gaba shi ne, suna komawa su sake dubawa, su gyara.

Mata-maza halitta ce, ba tsafi ba ne, ba kuma laifin uwa ba. Ana haihuwar ɗan Adam ma da irin wannan hali. Malaman fiƙihu sun san shi tun da daɗewa, suna kiranshi hunsa. Wanda aka haifa haka mutum ne kamar kowa. Haƙƙinshi a girmama shi, a rufa mishi asiri, a kai shi wajen likita. Ba abin ba'a ba ne.

9. Wa ke zaɓen jinsi?

Cikin kowace ƙwayar halitta ta jiki akwai wasu ƴan zaruruwa da ido ba ya gani. Su ke ɗauke da gado daga iyaye. Sunansu kuromozom. A wajen mutum da saniya, abin da ya zo daga uba shi ke sa ɗa ya zama namiji ko mace. A wajen kasa da kububuwa da kumurci, daga uwa yake zuwa, kamar yadda yake ga kaji. An daɗe ana zaton duk macizai haka suke. A 2017 Tony Gamble da abokan aikinshi suka gano cewa a wajen wasu mesa, uba ne ke zaɓe. Kada kuwa dabam yake: zafin ramin da ƙwai ke ciki shi ke raba maza da mata.

Akwai abin da ya fi wannan ban mamaki. A gidan ajiye namun daji na Luwisbil, a Amurka, wata babbar mesa ta saka ƙwai 61 a shekarar 2012. Ba ta taɓa haɗuwa da namiji ba, da wata mace take zaune. Ƴaƴa 6 suka ƙyanƙyashe, duka mata. Da aka auna su, sai aka tarar gadon uwarsu kaɗai gare su. Akwai ma wata ƴar ƙaramar macijiya mai kama da tsutsa, mai zama cikin ƙasa mai laima, wadda duk irinta mata ne, ba namiji ko ɗaya.

10. Abin da ya kamata a riƙe

Duba jinsin maciji aikin likitan dabbobi ne da masana, da kayan aiki da horo. Ba aikin yara ba ne. Namiji da mace duka suna da dafi. Ɗan da aka haifa jiya ma yana da shi. Ko kan da aka datse na iya sara bayan ɗan lokaci.

Yaron da ke kiwo ko aikin lambu ya sa takalmi. Kada ya zura hannu cikin rami ko ƙarƙashin dutse. Da dare a riƙe fitila. Idan maciji ya sari mutum, a kwantar mishi da hankali, a cire zobe da munduwa, a hana gaɓar motsi. Kada a tsaga wurin, kada a tsotse, kada a ɗaure tamau. A ɗauke shi zuwa gidan likita nan da nan, domin allurar maganin dafi ita ce ke ceton rai.

Maciji kuma yana da amfani. Yana cin ɓerayen da ke ɓata hatsi da dabino. Wanda aka gani a daji yana tafiyarshi, a ba shi hanya.

Mai lambun Ingal ba ya sare ƙaramin dabino don ya yi zaton namiji ne. Yana ba shi ruwa, yana jira fure ya fito. Haka mai ilmi yake yi da maciji. Yana duba jela, ya ƙirga ɓawo, ya duba ƙumba, ya auna. Idan alamomin sun saɓa, sai ya ce: "Ba a gama dubawa ba tukuna."

Ma'anar kalmomi

Amale: babban namijin raƙumi.
Barbara: haɗuwar namiji da mace na dabba, ko kai furen namiji ga macen icce.
Gardi: mai wasa da maciji ko kura a kasuwa. Jam'i: gardawa.
Hekta: fili mai tsawon mita 100 da faɗin mita 100.
Juya: macen da ba ta haihuwa.
Karsana: budurwar saniya.
Mafita: ƙofar da ke tsakanin cikin maciji da jelarshi.
Saɓa: tsohuwar fatar da maciji ya tuɓe.
Tsibiri: ƙasar da ruwa ya kewaye.

Tambayoyi

1. Me ya sa mai lambu ya fi son dasa ɗan gindin dabino da shuka ƙwallo?
2. A ina al'aurar namijin maciji take ajiye?
3. Waɗanne alamomi huɗu ake dubawa? Ta yaya kowace ke iya ruɗa mutum?
4. An ƙirga ɓawo 30 a jelar wata kasa. Namiji ce ko mace? Don me?
5. Me ya sa ake ganin maciji na biyu a inda aka kashe na farko?
6. Me ke faruwa da maraƙar da aka haifa tagwaye tare da namiji?
7. Me Alphonse Hoge ya gani a macizan tsibirin Brazil?
8. Waɗanne abubuwa uku ne ba a yi ma wanda maciji ya sara?

Aiki

A raba allo gida uku. A rubuta sunan namijin dabba a gida na farko, sunan macen a na biyu, sunansu da Faransanci a na uku. A nemo dabbobi 10.

Idan wani babba ya samo busasshiyar saɓa, a kawo ta aji. A shimfiɗa ta kan takarda, a nemi mafita, a auna tsawon jiki da na jela, a ƙirga ɓawon ƙarƙashin jela. Kowa ya zana ta a littafinshi, ya rubuta adadin da ya samu. Daga nan a wanke hannu da sabulu.